Magidancin da Ya Ƙara wa Kwamfutarsa Gudu

An yi wani mutum, magidanci, yana da mata da 'yar jaririya, yana kuma da kwamfuta ta buga gem, wato wasan kwamfuta, wadda yake ji da ita ƙwarai. Ba mugu ba ne. Yana ciyar da gidansa, yana zuwa sujada a coci, ba a taɓa jin sa da faɗa a unguwa ba. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya jure ganin wani ya fi shi. Ku na bencin baya da kuka ɗago kai don kun ji an ce gem, kada ku sauke shi, da ku nake.

Mutumin nan yana da aboki mai suna Kefas. Tare suka haɗa kwamfutocinsu, tare suke buga tseren mota, kowa daga ɗakinsa. Kullum Kefas ne ke cinye shi, domin tasa kwamfutar tana tafiya sumul, ta magidancin kuwa takan ɗan yi tsaiko a tsakiyar tsere. Da abin ya ishe shi sai ya je ya ce, "Kefas, kaya iri ɗaya muka saya. Me ka yi wa taka?"

Kefas ya ce gudu ya ƙara mata. A cikin kwamfuta akwai furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, akwai kuma ram, inda inji ke riƙe abin da yake aiki a kai kafin ya ajiye shi. Masu ƙera su sun sa musu gudun da za su ɗauka lafiya, amma mutum yana iya shiga saitin inji ya ƙara.

"Sai dai a hankali ake yi," in ji Kefas. "Ka ɗan ƙara wa furosesa kaɗan, ka bar ram yadda take. Ka kunna manhajar gwaji ta ɗora mata aiki mai nauyi, ka zauna kana duba zafinta. In ta jure, ka ƙara kaɗan. In ta tsaya ko ta ɗau zafi, ka koma baya. Sai ka gama da ita sarai kafin ka taɓa ram. Ita ram ɗin nan munafuka ce, za ta tashi lafiya lau alhali tana ɓata abu a ɓoye. Kada ka ba ta ajiyar komai sai ta ci gwaji."

Magidancin ya ce, "Na ji."

Ina! Bai ji komai ba. Yana komawa gida ya shiga intanet, ya tarar da wani yana fahariya da gudun da ya kai tasa kwamfutar. Bai tsaya ya tambayi kansa a wace ƙasa mutumin yake ba, ko da me yake sanyaya injinsa. Shi kuwa ga shi a tsakiyar bazara, a ɗaki mai rufin kwano, fanka ɗaya ke juyawa. Ya kwafo lambobin nan ya zuba su gaba ɗaya, ya ƙara wa furosesa, ya ƙara wa ram, ya ƙara ƙarfin wuta, duk a zama guda. Ya danna, kwamfuta ta tashi. Ya kunna gwajin dai don kada a ce bai yi ba, amma da ya ga abin zai ɗau lokaci, ga fankar inji tana ta ihu, sai ya kashe shi ya shiga gem.

Ranar ya cinye Kefas, ya sake cinye shi. Kefas ya kira shi yana dariya ya ce, "Kai, mutumina, ka taso! Ka dai gwada ta ko?"

Ya ce, "Na gwada."

Matarsa kuwa, Briskila, mahaifiyarta ta rasu daminar da ta wuce. Abin da ya rage mata na tsohuwar yana cikin wayarta: waƙoƙin da take rerawa da yarensu a zumuntar mata, da saƙonnin murya da takan aiko tana tambayar ko an ci abinci, da wani bidiyo na ranar da ta fara ɗaukar jikarta Tabita ta ɗora mata hannu a ka tana sa mata albarka. Ba wanda ke da su sai ita. In kewa ta taso mata sai ta shiga ɗaki ta kunna ta saurara.

Wayar ta fara lalacewa, tana mutuwa da kanta. Mai gyara ya ce ba za ta gyaru ba sai ya goge duk abin da ke ciki. Briskila ta kawo wa mijinta ta ce, "Baban Tabita, ka kwashe mini muryar Mama ka ajiye a kwamfutarka kafin in kai wayar nan. Ba ni da ita a ko'ina sai a nan." Ta ƙara da cewa, "Kwamfutar lafiyarta ƙalau dai ko? Kwanan nan ina jin tana ƙara kamar injin niƙa."

Ya ce, "Haba, Maman Tabita. Duk unguwar nan babu kwamfutar da ta kai ta lafiya."

Ranar Asabar da rana, zafi ya yi zafi, ya jona wayar ya fara kwashe kayan. Abin yana tafiya a hankali. Sai ga saƙon Kefas, wai ya fito su kara. Ya duba ya ga da saura, ya ce a ransa ai inji mai gudu irin wannan zai iya ɗaukar biyun. Ya kunna gem ɗin, kwashewa tana tafiya a bayansa. Yana tsakiyar tsere sai sauti ya maƙale, hoto ya daskare, allon ya koma shuɗi, kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta.

Ya san dalili. Ya buɗe inda yake zuba kayan, ya ga sunayen fayil-fayil a jere. Bai buɗe ko ɗaya ba. Ku ji fa, 'yan'uwa, ba mantawa ya yi ba. Tsoron abin da zai gani yake yi, ya gwammace ya ga sunaye ya ce wa kansa komai ya shiga.

Daga kicin Briskila ta ɗaga murya ta ce, "An gama?"

A lokacin wayar tana hannunsa, kuma komai yana cikinta lafiya lau. Abin da ake nema gare shi kawai shi ne ya ce, "Ba a gama ba, na taɓa injin nan ban gwada shi ba, bari in gyara in sake." Amma ya tuna ya ce wa Kefas ya gwada, ya tuna cika bakin da ya yi wa matarsa, kunya ta ɗaure masa harshe.

Ya ce, "An gama."

Ta kai wayar, aka goge ta tas. Shi kuma ya lallaɓa ya mayar da gudun kwamfutar yadda yake tun farko, bai gaya wa kowa ba. Tun daga nan ko kusa da inda ya zuba kayan bai sake zuwa ba. In matarsa ta ce tana so ta ji Mama, sai ya ce yana cikin wani aiki, ko ya ce bari a jima. Ita kuwa ba ta matsa ba, tunda ta san abinta yana ajiye a hannun mijinta.

Da shekara ta zagayo, 'yan'uwan Briskila suka taru a gidan don tunawa da mahaifiyarsu. Har babban wansu, Zakka, ya taso daga ƙauye, domin ta yi musu alkawari za su ji muryar tsohuwar. Aka ci abinci, aka yi addu'a, falo ya cika. Sai ta juya da fara'a ta ce, "Baban Tabita, kunna mana Mama."

Ya ɗauko kwamfutar ya haɗa. Ya danna na farko, ya ƙi buɗewa. Ya danna na biyu, haka. Can ya danna wani, sai ga muryar tsohuwar ta fito ras, ta ɗauko waƙa. Ƙanwar Briskila ta dafe ƙirji. Ba ta kai ƙarshen baitin farko ba muryar ta karye, ta koma wani ƙara mai kashe kunne, sai shiru. Ya buɗe bidiyon albarka. Hoton ya fito a farfashe, kore da baƙi, ana ganin hannun tsohuwar a kan jaririya, ba fuska, ba murya.

Zakka, dattijo mai sauƙin kai, ya so ya rufa wa surukinsa asiri, ya ce, "Wataƙila wuta ce ta yi rawa. Kayan zamanin nan ba su da tabbas."

Ga ƙofa an buɗe masa, da ya ce haka ne da magana ta ƙare. Har ya buɗe baki. Sai ya ji matarsa ta fashe da kuka tana cewa, "Laifina ne. Ni na yi gaggawar kai wayar nan. Ni na goge Mama da hannuna."

Wannan ne ya kasa ɗauka. Ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban surukansa, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, ba wuta ba ce. Ba laifinta ba ne. Ni na ƙara wa injin gudu don in ci wasa, ban gwada shi ba. Ya mutu ina cikin kwashewa, na kuma ce mata an gama."

Kunyar da ya ji a ranar ba ta faɗuwa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Zakka bai zage shi ba, ya dai kawar da kai. Briskila ta share hawaye ta dube shi ta ce, "Ranar da kwamfutar ta mutu maka, wayar tana ina?"

Ya ce, "Tana hannuna."

"Mama tana ciki?"

"Tana ciki."

Ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki. Daga baya ta gafarta masa, gama mace ce mai tsoron Allah, suka ci gaba da zamansu. Kefas ya zo ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bai iya ceto komai ba. Tabita ta girma ana ba ta labarin albarkar da kakarta ta sa mata, ba ta taɓa jin ta da kunnenta ba.

To, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kwamfutar nan ranka ne. Son ƙara gudu ba zunubi ba ne. Kefas ma ya ƙara, tasa kuwa ta zauna lafiya. Allah ba ya ƙin ci gaban 'ya'yansa, amma yakan ƙara wa mutum kaɗan, ya gwada shi, sa'an nan ya sake ƙarawa. Mu ne ba mu da haƙuri. Ka ga wani a waya da motarsa da gidansa, ba ka san inda ya fito ba, ba ka san abin da ke riƙe da shi ba, sai ka kwafo rayuwarsa ka zuba a kan taka gaba ɗaya. Saurayi ya tuba wannan wata, wata mai zuwa yana so a ba shi bagade ya yi wa'azi. An ba ka ƙaramin aiki a ikkilisiya ba ka riƙe ba, kana fushi don ba a ba ka babba ba. Wahalar da kake ta roƙon Allah ya ɗauke maka, wataƙila ita ce gwajin da zai nuna maka inda kake da rauni tun babu ajiyar kowa a hannunka. Kada ka kashe gwajin saboda ya ɗau lokaci. Inji ya tashi ba shi ne ya nuna yana da lafiya ba, haka kuma zuwa sujada da kaya masu kyau. Sai an ɗora nauyi ake sani.

Ku lura kuma, ba shi ne ya yi babbar asara ba. Gem ɗinsa yana nan. Matar da ta amince da shi ita ta rasa muryar uwarta. Duk wanda ya ƙi gwaji, waɗanda suka ba shi amana su ne ke biya.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba gudun ba ne, 'yan'uwa. Kuskure kowa yana yi. Shuɗin allon nan jinƙai ne, gargaɗi ne ya zo masa tun abin yana gyaruwa, kamar yadda Ruhun Allah yake taɓa zuciyar mutum ya ce masa tsaya, ka yi ba daidai ba. Da ya faɗi gaskiya a wannan rana, da kunyar ba ta wuce tsakaninsa da matarsa a ƙofar kicin ba, kuma da ba a rasa komai ba. Ya guje wa wannan 'yar kunya, ya je ya sha babba a gaban surukai, bayan ba abin da faɗar gaskiyar za ta dawo da shi. Ubangiji yana gafartawa ko yaushe mutum ya tuba, wannan tabbas ne. Amma gafara ba ta mayar da duk abin da ɓoyo ya lalatar.

Na san akwai wanda ke zaune a nan da ya ce wa wani "an gama" alhali ba a gama ba. Ban san sunanka ba, ba kuma sai ka ɗaga hannu ba. Kai ka san wanda ya amince da maganarka yake tafiya da ita hankali kwance. In an tashi daga nan, kada ka tsaya hira a bakin ƙofa. Je ka same shi ka faɗa masa da bakinka, ka ji kunyar yau, tun abin nasa yana nan da rai.