Gwiwar Likita Tanimu

An ce wai a wani zamani an yi wani sarki mai hangen nesa da ya gina makarantar koyon aikin jinya a gefen asibitin garinsa, ya danƙa ta ga likitoci biyu kafin ya zaɓi shugaba a cikinsu. Ɗaya shi ne Likita Tanimu, dattijon da babu mai musun iliminsa, shi ma kuwa ba ya bari a manta. Ɗayar ita ce Likita Delu, wadda a haife ya haife ta.

Delu ba ta tsara darasi ita kaɗai. Sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta tara ɗalibai da ma'aikatan jinya da majinyatan da ke iya zama, kowa ya faɗi abin da yake ganin ya kamata a koyar. Ba a jima ba ɗalibai suka karkata wajenta. Duk sa'ad da Tanimu ya wuce ya jiyo dariyarsu, sai abin ya tsaya masa a rai. Yakan ce wai darajar ilimi yake karewa. Ina! Hassada ce zalla, har ta hana shi jin daɗin tuwo.

Da abin ya ishe shi sai ya tafi fada, ya durƙusa da kyar, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, yarinyar nan ta mai da makaranta dandali. Mara lafiya magani ya zo nema, ba koyarwa ba. A ba ni shugabanci, in raba ilimi da surutu."

Sarki ya lura da yadda ya cije leɓe wajen durƙuson. Ya sa aka kira Delu, ya ce kowanne ya zo da ɗalibin da ya fi yarda da shi. Tanimu ya kawo Isiyaku, Delu ta kawo Sabi'u. Sarki ya ce, "Ga majinyacinku nan. Ku duba mini Malam Tanimu."

Isiyaku ya matso cikin ladabi, ya taɓa jijiyar hannunsa, ya duba idonsa da harshensa, daidai yadda aka koya masa. Ya ce, "Malam, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ranka ya daɗe, Malam lafiyarsa ƙalau."

Sai Sabi'u ya zauna a gabansa ya ce, "Malam, a gafarce ni. Sallar yau a tsaye aka yi ta ko a zaune?"

A gaban sarki ba a ƙarya, ballantana a kan salla. Sai Tanimu ya ce, "A zaune. Tun damina gwiwar nan ta hana ni sujada."

Sarki ya tambayi Sabi'u wa ya koya masa wannan tambaya. Sabi'u ya ce, "Majinyata ne, ranka ya daɗe. Sun ce mu nan ko mutum na bakin mutuwa, in an ce yaya jiki, da sauƙi zai ce, don kunya da gudun a ce bai gode wa Allah ba. Suka ce mu riƙa tambayar abin da ciwon ya hana mutum yi. Likita Delu ta sa shi cikin darasi."

Sarki ya dubi Tanimu ya ce, "Ba ni zan yanke hukuncin nan ba, kai za ka yanke. Zaɓi wanda zai yi jinyar gwiwarka cikin yaran nan biyu. Wanda ka zaɓa, malaminsa ne shugaban makaranta."

Nan fa ake yin ta. In ya nuna Isiyaku, kujera ta zama tasa, ya kuma miƙa ƙafarsa ga wanda ya shaida cewa lafiyarta ƙalau. Ya saci kallon Delu ko zai ga ta yi murmushi, ya sami hujjar ƙin ta, sai ya ga gwiwarsa take kallo cikin tausayi. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Hassada ta ce masa ya daure, amma goshinsa ya yi kewar ƙasa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sabi'u, zo ka kama ni in tashi."

Masu hankali suka ɗauki darasi daga nan: ilimin da za a yi aiki da shi a jikin mutum, a zauna da mai jikin kafin a tsara shi.