Gwauruwa da Dashen Lemo Bakwai

Akwai wata mace gwauruwa da take zaune a wani ƙauye can bisa duwatsu, inda sanyi ba ya wasa da kowa. Ku da kuka girma a kwari ba ku san sanyi ba, labarinsa kawai kuke ji. A ƙauyen nan, idan ɗari ya sauka, man kaɗanya yakan daskare a ƙoƙo har sai an sa wuƙa, ganyen gwanda kuwa ya kwana kore ya wayi gari baƙi ƙirin kamar an babbaka shi.

Matar tana da garka a bayan ɗakinta, 'yar ƙarama, da kuɓewa da barkono da yakuwa. A tsakiyar garkar akwai itacen lemo wanda mijinta ya dasa a shekarar da aka kawo ta gidan. Lemo ne mai zaƙi, mai siririn ɓawo, babu irinsa a ƙauyen duka. Amma itacen ya tsufa. Gara ta shiga gindinsa, rassansa suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. Matar ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa jikinsa ta ji ya zama holoƙo, ta gane ba zai ga daminar baɗi ba.

To, tun mijin yana da rai ya koya mata auren itace, wato a yanko ɗan reshe daga itace mai kyau, a ɗaure shi a kan ƙaramin tsiro mai ƙarfin saiwa, har su haɗe su zama abu ɗaya. Da damina ta yi tsakiya sai ta yanko sauran rassan da ke da rai, ta yi aure goma sha biyu. Bakwai suka kama. Ta riƙe huɗu ta dasa a garkarta, uku kuma ta kai wa ƙanin mijinta da ke maƙwabtaka da ita, gama ta ce itacen na wansa ne, bai kamata ta riƙe duka ita kaɗai ba. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, har idonsa ya kawo ruwa. Dukansu biyu sun sani in waɗannan bakwai suka mutu, irin lemon ya ƙare ke nan, domin babu sauran ɗanyen reshe da za a sake yanka.

Da aka gama girbi, sai matar ta fara jin ruwan randa yana cizon haƙori da safe. Ta ce a ranta, "Ɗari ya kusa." Ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta tuge busassun karan kuɓewa, ta share garkar tas. Ta kafa zana ta gefen gabas, inda iska take bugowa. Ta kwaso ƙaiƙayin acca daga masussuka, ƙwarya bayan ƙwarya, ta zuba a gindin kowane dashe domin saiwa ta ji ɗumi. Ta daina ba su ruwa da yamma, sai da hantsi. Daga nan ta shiga daji ta yanko ciyawa, ta zauna a ƙofar ɗaki tana saƙa wasu 'yan huluna masu faɗi, ɗaya domin kowane dashe, irin waɗanda za a kifa da yamma a cire da safe.

Tana cikin saƙa sai ga ƙanin mijin. Kun san wasan da ke tsakanin mutum da matar wansa, ba ya ƙarewa ko an tsufa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Matar yaya, sannu da aiki. Malafa kike saƙa wa itatuwa? Saura ki ɗinka musu riga da wando."

Ta ce, "Kawo yadin in ɗinka. Kai me ka yi wa naka?"

Ya ce, "Ni ai na gama tun jiya. Tsofaffin tukwane uku na samu, na kife a kansu, na tara ƙasa a bakin kowacce na danne. Ko iska ba ta da ƙofar shiga, balle sanyi. Sai ɗari ya wuce zan buɗe."

Matar ta ajiye saƙar ta dube shi. Ta ce, "Rana fa? Ta ina za ta shiga?"

Ya yi dariya ya ce, "Rana tana nan, ba gudu za ta yi ba. Ke dai kina son wahala. Wata biyu kina durƙuso safe da yamma, da waɗannan gwiwoyin naki?"

Ta ce, "Da su zan yi. Je ka ɗaga tukwanen nan, ƙanina, ina roƙonka."

Bai ɗaga ba. Kada kuwa ku ce malalaci ne, ko bai damu ba. Ya damu ƙwarai. Tsoro ne ya yi masa yawa. Gani yake in ya ɗaga tukunya ko sau ɗaya, sanyi zai sami hanya, don haka ya rufe ruf ya tafi da kwanciyar rai.

Ɗari ya sauka kuwa, irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga kamarsa ba. Kowace yamma, rana na sunkuyawa, matar takan shiga garka ta kifa hula a kan dashe huɗun. Kowace safiya takan jira rana ta fito sosai, raɓa ta bushe, sannan ta cire hulunan, ta duba ganye, ta taɓa ƙasa da yatsa. Aikin ba shi da wuya, ko yaro zai iya. Wuyarsa ita ce ba ya ƙarewa. Ka yi jiya, ka yi yau, gobe ma yana nan yana jiranka.

A mako na biyu ta yi kuskure. Wata yamma tana sauri, tuwo yana kan wuta, ta kifa hulunan ba ta danne ta ƙarshen da dutse ba. Iska ta ɗauke ta. Da safe ta iske hular can jikin zana, dashen kuwa ya yi baƙi tun daga kai har wurin ɗaurin. Wayyo, matar nan ta yi kuka. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, ba don itace kaɗai ba, har da mijinta ta tuna. Da ta gama ta share fuska da bakin zane, ta fere turaku, ta kafa biyu biyu a gefen ukun da suka rage, ta ɗaure kowace hula da igiya. Ta ce wa sanyin, "Ɗaya ka ci. Ba za ka ƙara ba."

Ana nan sai bikin 'yar ƙanwarta ya zo, a wani ƙauye da ke hayin rafi, tafiyar da takan ci sa'a biyu a ƙafa. Ta cire huluna da hantsi ta tafi. Aka yi sujada, aka ɗaura aure, aka fito ana kiɗa ana rawa, ga shinkafa ana sauke ta daga wuta. Matar ta ɗaga kai ta ga rana ta karkata. Sai ta ɗaura ɗankwalinta ta nemi ƙanwar ta yi mata sallama.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, ba ki ci komai ba, ba a kai amarya ba. Ina za ki?"

Ta ce, "Gida. Zan rufe dashena."

Ƙanwar ta riƙe baki ta ce, "Saboda itace? Yau ɗaya tak? Haba Yaya, me mutane za su ce?"

Ta ce, "Yau ɗaya ce ta kashe mini guda. Ki gafarce ni, jibi zan je in ga ɗakin amarya."

Ta kama hanya, ciki babu komai, gwiwa tana ciwo, ga hawan dutse. Tana jin kiɗan biki a bayanta yana raguwa, ranta kuwa bai so tafiyar ba ko kaɗan, gaskiya ke nan. Ta iso garka rana saura kaɗan ta faɗi, ta rufe ukun, sannan ta zauna a kan turmi tana haki. Mutane kuwa sun yi magana. An ce ta fi son lemo da 'yar ƙanwarta. Ta ji, ya yi mata zafi, washegari ta tashi ta cire huluna kamar kullum.

Haka ta yi har wata biyu. A cikin kwanakin nan tsohon itacen ya ƙarasa bushewa, wata rana da tsakar rana ya faɗi da kansa, aka faskara shi aka yi itacen wuta.

Da sanyi ya sake, mutane suka fara yar da bargo, sai ƙanin mijin ya leƙo ta kan danga da fara'arsa ya ce, "Matar yaya, zo ki ga aikin masu dabara." Ta bi shi. Ya kau da ƙasa, ya ɗaga tukunya ta farko. Wani wari ya bugo su. Dashen ya yi fari fat, ya miƙe siriri yana neman haske har ya lanƙwashe a jikin tukunyar, ganyen duk sun zube sun ruɓe. Ya taɓa shi, sai ya narke a hannunsa. Ya ɗaga ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Sanyi bai taɓa ko ɗaya ba, duhu ne ya kashe su.

Mutumin ya tsuguna ya dafa kai. Ya ce, "Ni da nake tsammani ina kare su. Na kashe itacen wana da hannuna."

Matar ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, ko da yake maganar ta zo har bakinta. Ta kama hannunsa ta kai shi garkarta. Ga ukun nan tsaye, gajeru, ganyensu ya ɗan ƙone a baki baki, ba su da wani kyan gani, amma kowanne ya fara fitar da sabon toho. Ta ce, "Idan ruwa ya sauka zan cire maka ɗaya. Amma baɗi kai za ka saƙa hularsa, kai za ka rufe, kai za ka buɗe." Ya ce, "Na ji. Koya mini saƙar tun yanzu."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Tsohon itacen shi ne iyayenmu da dattawan da suka riga mu ba da gaskiya. Suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuna gani da idonku, bana kaɗai mun binne nawa? Dashen su ne 'ya'yanmu, da sababbin masu bi da suka shigo ikilisiya jiya jiya, waɗanda ɗaurinsu bai gama kamawa ba. Sanyin kuwa shi ne gwaji da jarabar duniya. Zai zo, ba ya neman izinin kowa, kuma wanda ya jira sai ya iso kafin ya nemi ciyawa ya makara.

Ba zan ɓata lokaci a kan wanda ya bar dashensa a fili ba rufi ba, kowa ya san ƙarshensa. Da masu tukunya nake magana, gama mu ne muka fi yawa a nan, har da ni mai faɗa. Mai tukunya yana ƙaunar ɗansa. Saboda tsoro sai ya kife shi da dokoki: kada ka fita, kada ka tambaya, rufe mini baki. Ya danne da ƙasa, ya tafi harkarsa, ransa a kwance wai ya gama aiki. Yaron yana da tambaya a kan Allah, ba wanda zai yi wa. Ya yi laifi, tsoro ya hana shi faɗa. Shekara goma sha takwas ba wanda ya leƙa ya ga abin da ke faruwa a ciki. Ranar da aka ɗaga tukunya, ya tafi makaranta ko birni, sai a ce duniya ta lalata shi. Ina! Tun a gida ya ruɓe, ba a duba ba ne. Haka muke yi wa sabon mai bi: mu yi masa baftisma, mu yi waƙa, mu ba shi jerin abubuwan da aka hana, shi ke nan ba mai sake taka ƙofar gidansa.

Hular ciyawa ita ce kulawa ta kowace rana. Da safe ka buɗe: ka bar yaro ya fita, ya yi tambaya, ya ga hasken Maganar Allah da idonsa, ya sha iska har jikinsa ya yi ƙwari. Da yamma ka rufe: ka zauna da shi, ka ji yadda ya wuni, ku yi addu'a tare. Gobe ka sake. Za ka gaji. Za ka bar wani biki tun ba a ci abinci ba, mutane kuma za su yi magana. Wataƙila ma, duk da ƙoƙarinka, wata yamma ka yi sakaci ka yi hasara. In haka ta faru, ka yi kukanka a gaban Ubangiji, shi mai gafara ne, sa'an nan ka tashi ka fere turaku domin waɗanda suka rage.

Saboda haka kowa ya tafi gida da tambaya ɗaya. Wane ne Allah ya danƙa a hannunka, yaushe rabonka da ka zauna ka tambaye shi abin da ke cikin zuciyarsa, ka kuma yi shiru ka saurara? In ka kasa tuna ranar, to kada ka jira sanyi ya wuce. Je ka ɗaga tukunyar yau, tun da sauran rai a ciki.