Hular da Farfesa Ya Sa wa Yayansa

Farfesa mutum ne mai kaifin basira, amma ba ya iya jira. Ko shayi da zafinsa yake sha, ya ƙona baki, ya ce laifin kofi ne. A ɗakin bincikensa na jami'a ya ƙera wata hula mai wayoyi, wadda ke aika ɗan lantarki cikin ƙwaƙwalwa don kwantar da rawar hannu. A kan ɓeraye kaɗai aka taɓa gwada ta.

Jami'arsa ta haɗa kai da wasu jami'o'i, suna neman tallafi mai tsoka daga wata gidauniya don kafa cibiyar fasahar ƙwaƙwalwa. Abokiyar aikinsa wata Likita ce daga asibitin koyarwa. Ta gaya masa ƙarara cewa ba a gwada hular a kan mutum sai kwamitin tantance bincike ya ba da izini.

"Kafin su gama zamansu an rufe karɓar takardu," in ji Farfesa. "Masu kuɗi mutum suke so su gani, ba ɓera ba."

"To mu nema baɗi," in ji ta.

Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Da ya fita, sai shagon Yayansa.

Yaya tela ne, shi ya riƙe Farfesa har ya gama karatu. Yanzu hannunsa na rawa, sai matarsa ta zura masa zare.

"Yaya, hula ce kawai za ka sa," in ji Farfesa.

Matar Yaya ta yi dariya. "Ƙaramin miji, kada dai ka dawo min da shi ya fi ni wayo."

"In kai ka haɗa ta, sa min," in ji Yaya. Bai tambayi komai ba.

Ranar hutu Farfesa ya kai shi ɗakin bincike, ya rufe ƙofa, ya sa masa hular, ya fara ɗaukar bidiyo. Rawar ta ragu, amma ba yadda za ta burge a bidiyo ba. Sai Farfesa ya ƙara ƙarfin lantarkin, ya wuce inda aka taɓa gwadawa. Hannu ya tsaya cak. Yaya ya zura zare da kansa, yana hawaye. Da ya ce kansa na sarawa, Farfesa ya ba shi maganin ciwon kai, ya ce ya dawo gobe. Haka suka yi ta yi.

Ranar ganawa da wakilan gidauniya, Farfesa ya kunna bidiyon. Ɗakin ya ɗauki tafi. Likita kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta dafe tebur, ta matso kusa da shi.

"Wane ne wannan? Wa ya ba ka izini?"

Kafin ya buɗe baki wayarsa ta yi ƙara. Matar Yaya ce, tana ihu. Yaya ya faɗi a kan keken ɗinki yana jijjiga, kumfa na fita daga bakinsa.

Da Farfesa ya isa asibiti, Yaya ya farfaɗo. Ya gane ƙaninsa, ya miƙo masa hannu. Ya buɗe baki, leɓe na motsi, amma babu kalmar da ta fito. Ya sake gwadawa. Sai ya juya yana duban matarsa da idanu a zare.

"Innalillahi," in ji Farfesa. Ya zauna a ƙasa.

Matar Yaya ba ta ɗaga murya ba. "Me ka sa masa a kai? Gaya wa likitoci, su suke tambaya."

A gaban kowa ya faɗa. Gidauniyar ta janye, ta kuma ƙi duba takardar sauran jami'o'in, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Jami'a ta kore shi, aka rufe ɗakin binciken, ɗalibansa suka watse.

Likita ce ta karɓi jinyar Yaya. Sannu a hankali wasu kalmomi suka dawo, da yawa ba su dawo ba. Kullum da safe Farfesa ne ke zama gabansa, yana ɗaga cokali da almakashi, yana koya wa Yayansa sunayensu.

Darasi: Dokar da ta ce a jira kafin a taɓa jikin ɗan Adam ba don ta ɓata wa masani lokaci aka kafa ta ba. Tallafin da ya wuce bana ana iya nemansa baɗi, amma lafiyar da gaggawa ta lalata ba lallai ta dawo ba. Kuma wanda ya yarda da kai har bai yi maka tambaya ba, shi ya fi kowa cancantar ka yi taka-tsantsan da shi.