Ƙarar da Ta Danne Kiran Uwa

An yi wani mutum, mai kai saƙo a babur, da Allah ya hore wa sabon mashin mai tafiya shiru. Shirun nan ne ya dame shi. Wai a ce ya wuce, ba wanda ya waiwayo? Sai ya kai wa mai walda, aka cire salansar kamfani, aka ɗaura masa wata da aka ƙwaƙule cikinta. Tun ranar 'yan layinsu suka sa masa Aradu, gogan naku kuwa har washe baki yake.

Kullum da safe sai ya kafe babur a tsakar gida, taku uku daga ƙofar mahaifiyarsa, ya yi ta murɗa totur, wai yana ɗumama inji. Jarirai su farka da kuka. Wani tela maƙwabcinsa ya yi magana, ya gaji. Jami'an hanya sun tare shi sau biyu, suka ce ƙarar ta wuce ƙa'ida. Ya mayar da tsohuwar salansa kwana uku, ya sake ɗaura tasa. Daga baya maƙwabta suka daina magana. Da ya taka kik zai tayar da babur, kowa sai ya ja taga ya rufe.

Uwar tana fama da hawan jini. Ta ce masa, "Ɗan nan, ka ji tausayina. Abin nan har cikin ƙirjina nake jin sa."

Ya ce, "Haba Inna, minti biyar ne fa."

Ya 'yan uwa, minti biyar ɗin nan ne ya ci shi.

Wata safiya jiri ya kwashe tsohuwa, ta faɗi a ɗaka. Ta ja jiki zuwa bakin ƙofa, ta riƙe labule, tana kiran ɗanta. Wa zai ji? Shi ya juya baya yana murɗawa, maƙwabta sun rufe tagogi kamar yadda ya koya musu. Ya haye ya tafi abinsa.

Sai da azahar ya dawo, ya same ta kwance, labulen a hannunta. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ɓarin jiki ya shanye, harshe ya tafi, kuma da tun safe aka kawo ta, da an yi wani abu.

Ya cire salansar da hannunsa, ya jefar. Gida ya yi tsit, irin tsit ɗin da ta roƙa. Kwana goma sha ɗaya yana durƙushe gaban gadonta, yana cewa, "Inna, ki ce kin yafe mini." Ido kawai take bin sa da shi. A haka ta cika.

Yau wa zai tambaya? Ina zai je ya ji amsar?

Jama'a, kunnen maƙwabci amana ne, roƙon uwa kuma ba a ce masa sai an jima. Wanda ya toshe kunnuwan mutane da cutarwa, ranar da gidansa ya yi kira ba mai ji.

Allah ya kiyaye mu da nadamar da ta zo a makare, ya sa mu rabu da iyayenmu suna masu yafe mana.