Yatsan Da Gwani Ya Raina

Akwai wani tela da ake ce wa Gwani, don in zai yanka yadi ba ya awo sau biyu. Yana da ciwon suga, amma kowa ya san ba a yi masa zancen.

Wata rana fatar babban yatsan ƙafarsa ta yi tauri, a ƙafar da yake taka keke da ita. Ya ɗauki rezar farke ɗinki ya kankare wurin har jini ya fito, ya ɗaure da ƙyalle, ya koma kan aiki.

Bayan kwana goma matarsa ta ce, "Maigida, yatsan nan ya yi baƙi, har wari yake."

Ya yi dariya. "Ke dai da tsoro! Ƙato kamata, ɗan yatsa ne zai kwantar da ni?"

Da ƙyar ta ja shi asibiti. Likita ya duba, sannan ya ce:

"Baba, da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina jikin mutum, ido ba ya ganinsu. Su ke haɗuwa su zama tsoka, tsoka ta zama gaɓa, gaɓoɓi su yi aiki tare, sannan a samu mutum. Na yatsan nan sun mutu. In ba a cire shi ba, dafin zai bi jini ya hau sama."

"Ka cire, in taka keke da me? Da harshenka? Ba ni na shafawa kawai."

"Baba, nan ba a ciniki."

Gwani ya saka takalmi ɗaya, ya riƙe ɗaya a hannu, ya fita. Matar ta bi shi tana roƙo, ko waiwaye bai yi ba.

Sati biyu aka dawo da shi ranga-ranga. Ƙafa ta kumbura har cinya, ƙoda ta tsaya. Kwana uku, Allah ya karɓi abinsa.

Likita ya ce, "Mama, sai haƙuri. A yatsa ya fara, a mutum ya ƙare."

Ba ta yarda ta yi kuka a gabansa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗana, karatunka da saura. Ba a mutum ya ƙare ba. Sama da mutum akwai gida. Mu bakwai ya bari."

Darasi: Kada ka raina ƙaramin ciwo, don babban jikinka a kan ƙananan abubuwa yake tsaye, iyalinka kuma a kanka suke tsaye. In a gidanku akwai mai taurin kai irin Gwani, ku tura masa wannan tun yana da ƙafar zuwa asibiti.