Babur Mai Ratsa Katanga

Akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin a Illela, sunansa Mukhtari. A shekarar 1988 ya sayi wata 'yar kwamfuta a hannun wani malami a Konni, irin wadda ake jona wa talabijin, a adana aikinta a kaset.

Amininsa Malam Maharazu, malamin lissafi, shi ne ya san yarenta. Wata biyu ya yi yana tsara wasan tseren babur a littafin rubutu, layi bayan layi. Da ya gama ya miƙa wa Mukhtari, ya ce ya kwafe a kwamfutar, shi zai je Sakkwato gyaran jarrabawa.

Mukhtari ya kwafe, ya tayar da janareta, ya gayyato maƙwabta bayan La'asar.

Abin kunya ya faru. Ya danna hagu, babur ya yi dama. Duk inda ya bi sai ya bar hotonsa a baya, har allon ya cika da babura. Da ya yi gudu kuwa, sai ya ratsa katanga ya fita kamar aljani.

Mutane suka yi ta dariya. Halliru, wanda shi ma gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Wannan dariyar ce ta tsaya wa Mukhtari a rai. Ya tuna ya taɓa ganin Maharazu zaune a shagon Halliru. Mi suka tattauna? Don mi Maharazu ya yi tafiya daidai lokacin nan? Kafin kwana uku ya gama yanke hukunci: an ba shi gurɓataccen littafi, mai kyau yana wurin Halliru.

Bai bar zancen a cikinsa ba. Duk wanda ya kawo gyara sai ya ji cewa Maharazu maci amana ne. Magana ta kai har makarantar da yake koyarwa.

Yayarsa Hindatu, mai buga tafireta a wani ofis, ta zo shagon ta same shi.

"Mukhtari, kafin ka ɓata sunan mutum, ka duba abin da ka kwafa?"

"Yaya, ni da nake gyara talabijin, kwafe rubutu zai gagare ni?"

"Miƙo littafin. Ni in karanta, kai ka dubi allo."

Suna cikin haka ta tsaya. "Nan alamar ɗebewa ce. Kai mi ka sa?"

Alamar tarawa ya sa. Shi ya sa hagu ta koma dama. Can gaba suka tarar ya tsallake layi guda, wanda ke goge tsohon babur kafin a zana sabo. Suka gyara, allo ya yi fes.

Amma da ya ƙara gudu, babur ya sake ratsa katanga. Suka duba sau biyu, a nan bai yi kuskuren kwafi ba.

"Kin gani ko?" in ji Mukhtari. "Wanga tarko shi ya ɗana shi!"

Ranar Asabar Maharazu ya dawo. Tun a tasha labari ya riske shi. Ya zo shagon, ya yi sallama, ya ja kujera ya zauna gaban allon, yana bin layuka da yatsa.

Can ya ce, "Wannan kuskurena ne. Na ce wa kwamfuta ta duba inda babur zai sauka kaɗai. In ya yi gudu, taki biyu yake yi lokaci ɗaya, sai ya haure katangar bai taɓa ta ba."

Ya ƙara layi uku don ta riƙa duba kowane taki. Babur ya zo a guje, ya daki katanga, ya tsaya cak.

Mukhtari ya kasa haɗa ido da shi. Ya fita ya tara mutanen layin, ya ce ƙarya ya yi wa amininsa, kuma kuskure biyu cikin ukun nasa ne.

Maharazu ya ce, "Na yafe maka, Mukhtari. Abin da ya dame ni, shekara goma muna tare, ba ka iya jira na kwana bakwai ka tambaye ni ba."

Ya ɗauki littafinsa ya tafi. Sun ci gaba da gaisawa a masallaci, amma bai sake zama a wannan shagon ba.

Darasi: In abu ya lalace, fara duba aikin hannunka kafin ka zargi zuciyar ɗan'uwanka. Kuskure ana gyara shi a zama ɗaya, amma yarda in ta fashe ba ta komawa yadda take. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani yana gab da yanke hukunci bai tambaya ba.