Shirun Barmo da Marinar Cindo

An ce a wani zamani da ya shuɗe, rigimar abokan ciniki ta ishi wani sarki, har ya sa aka yi shela cewa duk abokan tarayyar da suka ɓata, ba mai sake taka kasuwa a cikinsu sai sun gurfana gaban Waziri.

Farkon waɗanda dokar ta hau su ne Cindo marini da Barmo falke. Cindo ke rina turkudi, Barmo ke kai shi arewa. Cindo kuwa aminin mahaifin Barmo ne, tun Barmo yana goye ya san shi.

Da rinin Cindo ya fara koɗewa, masu saye suka riƙa dawo wa Barmo da kaya. Barmo ya auna, ya ga bakinsa ba zai iya gaya wa sa'an ubansa cewa aikinsa ya lalace ba. Sai ya rage ɗauka, ya koma wata marina a ɓoye, yana ganin kara ya yi. Cindo ya ji labari, shi ma ya ga girmansa ya wuce ya tambayi sa'an ɗan cikinsa dalili, ya shiga rumfa-rumfa yana kiransa maci amana. Mutanen Barmo suka rama da tona asirin rinin. Kafin a jima gari duka ya sani, ban da mai marinar.

Waziri ya saurare su, ya ce, "Barmo, ka taɓa faɗa masa?"

Barmo ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ina ni ina faɗa wa Baba haka?"

"Kai fa, Cindo, ka taɓa tambayarsa?"

"Allah ya ba ka nasara, ni zan bi yaron da na ga haihuwarsa ina neman ba'asi?"

Waziri ya sa aka shimfiɗa turkudi biyu a hasken rana, ɗaya baƙi wuluk yana sheƙi, ɗaya fari-fari kamar an wanke shi da toka. Ya ce wa Cindo ya nuna wanda ya fi kyau. Tsohon ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da su, ya shafa wannan, ya shafa wancan. Can ya ce, "Ai duk ɗaya ne."

Sai a nan Barmo ya gane idon tsohon ne ya tafi, ba hannunsa ba, kuma shi Cindo kansa bai sani ba.

Da Waziri ya kai masa bayani, Sarki ya yanke cewa tarayyarsu tana nan, ɗan Cindo zai riƙa duba masa launi, Barmo zai tsaya tsakiyar kasuwa ya wanke sunan marinar. Ya kuma kafa doka cewa kowace Juma'a abokan tarayya su zauna su biyu, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Aka zartar da hukunci, kasuwa ta lafa. Amma masu saye sun riga sun saba da wata marina, ba su dawo ba.

A ƙofar fada Barmo ya tsuguna, ya ce, "Baba, wallahi girmanka na tsare."

Cindo ya juyo inda muryar take, ya ce, "Da ka zage ni tun ranar farko, ɗana, da yau ina da marina."